Hodar Ruwa a Fuskar Hudu Tela

Shafi na 12

"Riga ɗaya," in ji Ɗanmusa ɗan koli. "Waccan shuɗiyar da ke rataye, mai aska biyu. Ka ba ni ita, in ba ka kwalba, in haɗa maka da bakina a ɗinke."

Hudu tela ya ɗaga kai ya dubi rigar. Wata biyu yana yi mata aiki da hannu, kuma don kansa ya yi ta, da niyyar ita zai sa ranar da zai je Kurfi.

"Ka ɗauki farar."

"Farar kai za ka sa. Fari yana ƙara wa fuska haske. Ni da mata nake ciniki, na san abin da nake faɗi."

Suna cikin rumfar ɗinkin Hudu a kasuwar Dutsin-Ma, an saki tabarmar ƙofa da rana tsaka kamar masu rabon kayan sata. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai. Hudu yana da talatin da huɗu a duniya, kuma ashirin da biyu daga ciki da zanzana ya yi su. Agana ta kama shi yana ɗan sha biyu, ta bar shi da rai, ta bar masa baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kumatu da hanci kamar an watsa masa gero. Matarsa ta fari wata bakwai ta yi ta tafi, ta ce wa ƙawayenta ba ta iya cin tuwo tana kallonsa.

Yanzu ga saƙo daga Kurfi. Akwai wata bazawara, Lauratu, a gidan baffanta Malam Alu mai hatsi. An yi wa gidan maganar Hudu, suka ce to, amma ya zo da kansa a gan shi.

A gan shi. Tun da wannan magana ta iso, tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

"Na yarda," ya ce, bai ɗaga ido ba. "Amma wallahi in na ji wannan magana a bakin wani..."

"Haba tela. Ni ne fa na kawo maka shawarar. Zan tona wa kaina ne?"

Ɗanmusa ya kwance ƙullin tsumma, ya jera kwalabe uku ƙanana a kan keken ɗinki.

"Wannan ita ake kira hodar ruwa. Daga kantin wani Kwara, Balaraben Sham, a Kano. Ba irin farar hodar da 'yammata ke bugawa ba ce su fito kamar sun faɗa cikin gari. Wannan kwanciya take yi, ta bi fata ta ɓace. Wanda ya gan ka sai ya ce ka huta, ba zai ce ka shafa wani abu ba."

Hudu ya miƙa bayan hannu.

"Ajiye hannunka. Hannu daban, fuska daban. Kawo muƙamuƙi."

Ya ɗiga ta farko ya ja masa a gefen haɓa. Ta fito fari fat, kamar shayin da aka cika wa madara.

"Wagga ta matan Turawa ce. In ka sa ta, karnuka za su bi ka."

Ta biyu ta yi ja, kamar ƙasar tukunya.

Ta uku ya ɗiga, ya shafa da kan ɗan yatsa, ya ɗage tabarma kaɗan don rana ta shigo, ya miƙa masa madubi.

"Nemo ta."

Hudu ya duba. Ya juya fuska dama, ya juya hagu. Bai ga inda aka shafa ba. Sai dai wasu ɗigo huɗu da ya sani a wurin tun yana yaro, sun yi sanyi, sun koma kamar inuwa.

Ya ƙara matso da madubin.

"Irin ta matan Ikko ce," in ji Ɗanmusa. "Ita kaɗai gare ni, kamar don kai aka yi ta. Ka riƙe abu uku. Ɗigo uku kowane kunci, kar ka ƙara. Ka danna da yatsa, kar ka goga. Sannan ruwa abokin gabanta ne. In gumi ya zo, ka ɗora hankici ka ɗaga. Ka yi alwalarka kafin ka shafa, ka riƙe ta har ka dawo."

"Kayan mata ne fa, Ɗanmusa."

"To, a kan namiji za ka je Kurfi?"

Ɗanmusa ya sauke shuɗiyar riga da kansa, ya naɗe ya cusa cikin kayan kolinsa. Ya fita yana fito.

*

Ranar Lahadi da hantsi Hudu ya yi alwala a natse, ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ɗigo uku a dama, ɗigo uku a hagu, ɗaya a hanci. Ya danna, ya danna, kamar yadda aka koya masa.

Da ya ɗaga madubi sai ya ga wani mutum.

Ba kyakkyawa ba ne can. Mutum ne kawai, irin wanda za a wuce a kasuwa ba a waiwaya ba. Wannan kuwa shi ne abin da Hudu bai taɓa samu ba. Ya daɗe yana kallonsa. Daɗi ya taso masa, kunya ta taso ta danne daɗin.

Ya naɗa rawani ya rufe goshi, ya ja amawali har kan hanci, ya fito.

Inna Mairo, mahaifiyarsa, tana bakin murhu. Ita ce ta yi jinyarsa kwana arba'in a bukkar bayan gari lokacin da kowa ya gudu. Tun daga ranar, in zai yi tafiya sai ta yi addu'a a tafin hannu ta shafa masa a fuska.

"Zo nan, ɗan albarka."

Ta yi tofi, ta ɗago hannu biyu.

Hudu ya ja da baya.

"Inna, mota za ta tashi."

Hannunta ya tsaya a sama. Ta shafa addu'ar a tata fuskar, ta juya ta gyara itace.

Har ya kai tasha wannan hannu bai bar idonsa ba.

Rabo, ɗan wan ubansa, dillalin shanu, shi ne zai wakilce shi. Yana zaune kan buhunan gishiri a bayan motar, ƙwaryar goro a cinya.

"Kai kuma lafiya ka naɗe kamar Buzu?"

"Ƙurar hanya."

"Da damina? Wace ƙura?"

"Mura nake ji."

"To kar ka ba amarya."

*

Kafin azahar suna zauren Malam Alu. Dattijo ne dogo mai 'yar furfura, maganarsa a hankali. Ya kira limamin unguwa da wani maƙwabcinsa, Yero mai dabbobi, su zauna tare. Aka gaisa, aka tambayi Dutsin-Ma, aka tambayi ruwa, aka tambayi gero.

"Malam Hudu, a sassauta mana. Nan gida ne."

Babu yadda zai yi. Ya sauke amawali zuwa haɓa.

Rabo yana cikin bayanin farashin bijimai. Ya waiwayo, sai maganar ta tsinke a bakinsa. Ya lumshe ido ya buɗe. Ya matso da kai.

"Kai..."

Hudu ya danna masa gwiwa da gwiwa.

"Kai, zafi ake yi yau," in ji Rabo, ya ɗauki mafici yana yi wa kansa fifita da ƙarfi.

Aka kawo ruwa. Hudu ya ce alhamdu lillahi. Aka kawo fura da nono mai sanyi, irin wadda ake damawa don baƙon da ake so. Ya taɓa ludayi a leɓe ya ajiye. Cikinsa yana kuka, amma ya san in ya sha sai ya zaga, in ya zaga sai alwala.

Da aka kira azahar aka kawo butoci.

"Ina da alwala," ya ce.

Liman ya gyaɗa kai. "Madalla. Mutumin kirki ke nan."

Wannan yabo ya fi mari zafi.

Bayan salla sai ga wata tsohuwa ta shigo daga cikin gida da sunan kwashe ƙore. Goggo Turai ce, ƙanwar Malam Alu, wadda ta riƙe Lauratu. Ta durƙusa ta gaishe su, amma idonta yana kan Hudu. Ta ɗauki ƙwarya ɗaya ta ajiye. Ta matsa ta inda hasken ƙofa ke bugun fuskarsa ta sake dubawa.

Hudu ya ce a ransa, shi ke nan, ta gani.

Ba ta gani ba. Ta tashi ta shige.

Jim kaɗan aka kira Malam Alu ciki. Ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa ta canza. Ya zauna, ya gyara riga, ya dubi Rabo.

"Malam Rabo, in tambaye ka. Tela nawa ne a Dutsin-Ma mai suna Hudu?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ga shi nan."

"Halan yana da wa, ko ƙane?"

"Shi kaɗai Allah ya bar wa uwarsa."

Malam Alu ya murza gemu.

"To an yi kuskure wajen saƙo. Ku yi haƙuri, mun wahalar da ku. Ba wanga bawan Allah aka kwatanta mana ba."

"Kamar yaya?" in ji Rabo.

"Mu an ce mana mai zanzana ne."

Kaza ta leƙo ta koma.

"Abin da nauyi a baki, shi ya sa ban aika da shi ba. Ba a aika wa namiji a ce tabonka muke so. Amma tunda kun zo, sai in faɗa. Ɗiyar nan tawa a Birchi ta yi aure. Shekara uku da suka wuce agana ta shiga garin. Cikin kwana tara ta ɗauke mijinta Ya'u, ta ɗauke ɗansu mai shekara huɗu. Ita ta yi jinyarsu duka biyu, don ita ta yi ciwon tun tana goye, ba ya kama mutum sau biyu. Da ta fita takaba ta dafa Alƙur'ani ta ce ba za ta ƙara zama da namijin da ciwon nan bai riga ya taɓa ba. Ta ce ba za ta sake shimfiɗa ganye ƙarƙashin miji tana kallo ba."

Rabo ya gyara zama. "Ai yanzu ana yin lambar rigakafi, ranka ya daɗe."

"An yi wa Ya'u lamba, ba ta kama ba. Ita abin da idonta ya gani kawai ta yarda da shi. Mutum shida suka zo, masu hali, ta mayar. Da aka ce mata akwai tela a Dutsin-Ma, mai sana'a, mai riƙon uwa, ga kuma zanen ciwo a fuska, ranar ta fara cin abinci kamar mutum. Yau tun asuba take daka."

Ya dubi Hudu da tausayi.

"Turai ta duba, ta ce fuskarka sumul. Ita ma ɗiyar ta leƙa ta kafar ƙofa. Allah ya yi maka kyau, Malam Hudu, ba laifinka ba ne. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Yero mai dabbobi ya yi tsaki. "Duniya ta lalace. Har a kwatancen mutum sai an yi ƙarya."

Shekara ashirin da biyu Hudu yana jiran ranar da wani zai ce Allah ya yi masa kyau, ga ta ta zo, kuma da ita ake korarsa.

Hanya biyu ce a gabansa, ya kuma gan su sarai. Ya tashi ya yi sallama, ya koma gida da mutuncinsa, ba wanda zai sani sai Rabo. Ko kuma...

Ladan ya kira la'asar.

Aka sake kawo butoci. Liman ya yi murmushi.

"Malam Hudu halan har yanzu da alwala?"

Da ita. Ko ɗigo bai sha ba, bai yi gyangyaɗi ba. In ya ce e, bai yi ƙarya ba.

Daga can cikin gida ya ji an daina daka. Sai wani sauti siriri, irin na mai kuka da ta toshe baki da zane.

"A ba ni butar," ya ce.

Rabo ya riƙe masa hannun riga, ya yi ƙasa da murya. "Kai, ka yi hankali. Mu tafi gida mu sake shiri. Mako mai zuwa ka dawo da fuskarka."

"In ce musu me? Na je na sayo zanzana?"

Ya fita ƙofar zaure inda rana take, ya tsuguna. Ya cire rawani ya ajiye. Ya wanke hannu. Ya kuskure baki. Ya shaƙa ruwa. Dattawan suna gefensa kowa da butarsa.

Ya cika tafi biyu ya kai fuska.

Ruwa ya sauko jawur kamar na kududdufi. Ya bi gemu, ya ɗiga a gaban farar riga. Ya sake. Ya sake na uku, ya cuɗa da ƙarfi kamar mai wanke tukunya.

Ya ɗago.

Butar Yero tana zuba a kan takalminsa bai sani ba.

"La'ilaha illallahu," in ji Malam Alu. "Mene ne wannan?"

"Ni ne Hudu tela, ranka ya daɗe. Wanda aka kwatanta muku."

"To da wa muke zaune tun ɗazu?"

Hudu ya sunkuyar da kai.

Liman ya matso, ya dangwali gaban rigar, ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Ƙamshi gare shi. Magani ne? Wane malami ya ba ka?"

Da ya ce magani ne, da an wuce wurin. Amma ƙarya ta riga ta ishe shi.

"Hoda ce."

"Hoda?"

"Ta ruwa."

"Ta mata?" in ji Yero.



"Tsaya tukuna," in ji liman. "Da wagga a fuska ka bi ni azahar?"

"Na yi alwala kafin in shafa, Allah gafarta Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Tun hantsi alwala ɗaya?"

"Shi ya sa ya ƙi fura," in ji Rabo, ba da niyya ba.

Yero ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya cije leɓe, ya dubi sama, kafaɗunsa suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Masu wucewa masallaci suka tsaya. Ta kan katangar maƙwabta kawunan mata biyu suka ɓullo, suka zama huɗu.

Hudu ya so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba. Ya ƙarasa alwalarsa, ya wanke ƙafa, ya bi sahu da jar riga a gaba, kowa yana matsa masa fiye da yadda ake buƙata.

Da suka dawo zaure Goggo Turai tana tsaye. Wannan karon ba ta nemi ƙwarya ba. Ta zo gabansa kai tsaye, ta kama gaban rigarsa ta sansana.

"Na san wanga ƙamshi. 'Yar ƙaramar kwalba mai baƙin murfi?"

Hudu ya ɗago da sauri.

"Wa ya ba ka?"

"Na yi alkawari..."

"Kai ka yi, ko shi ya yi? Ɗanmusa ɗan koli ne."

Bai musa ba.

Tsohuwa ta tafa hannu ta juya wajen yayanta. "Yaya Malam, ka ji ko? Na shidan masu neman auren nan! Wanda ya zo bara bayan girbi da kayan toshi. Wagga kwalba tana ciki. Ni na mayar masa da ita da hannuna, tare da turare da ɗankunne."

Malam Alu ya runtse ido. "A nan ya zauna. Inda kake zaune. Na faɗa masa dalili kamar yadda na faɗa maka, don ya nace."

"Ya san dalili?" in ji Hudu.

"Har ya ce ko za a yarda wanzami ya yi masa zanen."

Rabo ya dafa kai. "Shege! Shi ya zo ya same ka, ko kai ka je?"

"Shi ya zo."

"Me ka ba shi?"

"Shuɗiyar riga."

"Mai aska biyu? Innalillahi. Ka biya a yanka ka, ka kuma ba da tukuici."

Sai ƙofar cikin gida ta yi ƙara kaɗan. Ba a buɗe ta ba, an dai tura ta faɗin tafin hannu. Gefen mayafi baƙi ya bayyana.

Lauratu ba za ta yi magana da baƙo a gaban baffanta ba. Don haka da Goggo ta yi, kowa yana ji.

"Goggo, ki ce masa ya juyo wajen haske."

Hudu ya juya. Bai taɓa miƙa wa mace fuskarsa haka ba. Ya ji kowane ɗigo yana zafi kamar ranar da ya fito.

An daɗe.

"Goggo, ki ce masa na gani. Shi ne."

Rabo ya saki numfashi. "To alhamdu..."

"Ban gama ba."

Muryar ba ta tashi sama ba, amma ta cika zauren.

"Ki ce masa kwana tara ina roƙon Allah ya bar mini Ya'u da irin wannan fuska. Na ce ko duk jikinsa ne, ko ido ɗaya ya tafi, na karɓa. Ɗana kuwa, da ya tashi da zanen nan, da kullum sai na sumbace shi ɗaya bayan ɗaya. Ba a ba su ba. Shi aka ba."

Ta tsaya. Ana jin numfashinta.

"Ni ɗigo uku gare ni a goshi. Ban taɓa ja musu ɗankwali ba. Ki tambaye shi, Goggo, in ya aure ni, su ma hoda zai saya musu?"

Goggo Turai ta dubi Hudu. Ba ta maimaita ba.

"Ki ce mata..." Ya tsaya. Ya sake. "Ki ce mata tsoro na ji. An ce in zo a gan ni. Duk wanda ya taɓa ganina, kawar da kai ya yi."

"Wa ya yi jinyarsa?"

"Innata."

"Ita ma ta kawar da kai?"

Hudu ya sa hannu biyu ya rufe fuska, babban mutum, a gaban liman.

Malam Alu ya yi gyaran murya. "To ɗiyata, goro yana nan. A karɓa ko a mayar?"

Muryar ta sake fitowa daga bayan ƙofa.

"Baffa, a ajiye shi, kar a raba. Goggo, ki ce masa kafin magariba duk Kurfi ta ji. Gobe Birchi za ta ji. Ni aka yi wa dariya tare da shi, don ni ce na mayar da maza shida ina jiran mai hoda. In yana so, ranar kasuwa ya dawo. Ba rawani, ba amawali. Ya sauka a tasha, ya ratsa kasuwa da ƙafa tun daga bakinta har ƙofar gidan nan, da rana, kowa ya kira shi abin da zai kira shi. In ya iso, a raba goro. In rana ta faɗi bai iso ba, a ba awaki."

Ƙofa ta rufe.

Suka fito. Ba su kai rijiyar unguwa ba wata mata da ke jan ruwa ta ce wa 'yar'uwarta, da ƙarfin da zai ji, "Ga amaryar Dutsin-Ma nan." Wani mai faskare ya ɗaga gatari ya ce, "Hudu mai hoda, a sauka lafiya!"

Har sunan ya riga su fita.

Da suka hau mota Rabo ya dube shi.

"Za ka dawo?"

Hudu yana kallon jan tabon da ya bushe a ƙirjinsa.

To, in ana maganar wanda ya ci da wanda aka ci a wannan Lahadi, ba sai an kira alƙali ba. Ɗanmusa ya ci: ya rabu da kayan da aka mayar masa, ya kunyata wanda aka fi so a kansa, ko zufa bai yi ba. Mutanen Kurfi sun ci, sun samu labarin da za su kai har jikoki. Lauratu an ci ta rabi, don mutumin da ta jira shekara uku ya iso mata da dariyar gari a bayansa. Hudu kuwa an ci shi da sunansa na yanka, an bar masa wani.

Abin da ya rage masa ƙwaryar goro ce a ɗakin Goggo Turai.

Kasuwar Kurfi kuwa jibi take ci, kuma in ka sauka a tasha, rumfar farko ta hannun dama ta Ɗanmusa ce.